Damuwar da Ke Samun Mata Gabanin Haila: Mene Ne Sababinta?

 

Ya malamanmu, ya iyayenmu mata, ya 'yan'uwa magidanta da kuka hallara a nan Birnin Yauri, wasu daga Yalwa, wasu daga Wara da Shanga da ƙauyukan bakin ruwa. Batun da za mu yi magana a kansa yau batu ne da aka saba rufewa saboda kunya. To amma Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta yabi matan Ansar a kan cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, kuma Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya zargi malaman zamaninsa a cikin littafinsa Nurul Albabi a kan karantar da almajiran waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Saboda haka za mu yi maganar a fili, cikin ladabi.

A makarantunmu na Islamiyya ana karanta babin haila a Ahalari da Risala: ana sanin mafi yawan kwanakinta, da mafi ƙarancin tsarki, da abin da aka hana mai haila. Abin da ba a cika taɓawa ba shi ne kwanakin da suke gabatar jinin. Mace tana cikin tsarkinta, tana salla tana azumi, sai ta wayi gari jikinta ya yi nauyi, ƙirjinta ya cika yana ciwo, cikinta ya kumbura, kanta yana sarawa, barci ya ƙi zuwa ko kuwa ya yi yawa. Wata sai kwaɗayin zaƙi ko gishiri ya taso mata. Abin da ya fi wannan tsanani shi ne na zuciya: saurin fushi, kuka ba tare da an yi mata kome ba, ƙunci, fargaba, da jin cewa kowa a gidan ya tsane ta. Wannan hali yakan tsananta a kwana biyar zuwa bakwai na ƙarshe. Da zarar jini ya sauka, cikin kwana ɗaya zuwa uku sai abin ya yaye kamar an ɗauke hazo, ta dawo mutuniyar kirki da aka sani, har ita kanta ta riƙa mamakin abin da ta faɗa jiya. Wata mai zuwa kuma ya sake dawowa. Likitoci sun ƙiyasta cewa kimanin mata uku cikin huɗu suna jin wani abu daga wannan, mafi yawansu kaɗan ne wanda ba ya hana su harkokinsu. Amma akwai 'yan ƙalilan, kamar biyu zuwa biyar cikin ɗari, waɗanda abin yake zame musu cuta mai tsanani wadda take iya rusa aure, wani lokaci har ta sa mace ta yi tunanin halaka kanta.

To, me jama'a suke cewa idan sun ga haka? Mun sani. Wasu su ce iska ce ta taɓa ta a bakin rafi sa'ad da ta je wanki. Wasu su ce namijin dare ne. Uwar miji ta ce mugun hali ne da rashin tarbiyya. Uwar matar kuwa ta ce ai kishiya ce ta yi mata sammu, tun da ba haka 'yarta take ba. Daga nan sai a kama hanya: a je wurin boka, a je wurin 'yan bori a yi zancen girka, a nemi baƙin bunsuru ko jan zakara, a sayar da buhun albasa ko kifin da aka kyafe domin biyan kuɗin aiki. A ƙarshe an yi asarar dukiya, an ɗora wa baiwar Allah kishiya laifin da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, an raba zumunci, kuma mafi muni an taɓa tauhidi. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in.

Kada a fahimce mu a karkace. Mun yi imani da samuwar aljanu, mun yi imani sihiri yana aukuwa, kambun baka kuma gaskiya ne, domin nassi ya zo da su. Amma imani da samuwar abu daban, tabbatar da cewa shi ne ya sami wance a gida kaza daban. Na biyun yana bukatar hujja. Wane irin aljani ne wannan mai riƙe da kalanda, wanda ba ya zuwa sai saura mako guda haila ta zo, ya tafi idan ta zo, ya yi hutun wata tara idan mace ta ɗauki ciki, kana ya yi sallama gaba ɗaya idan ta manyanta jini ya ɗauke mata? Wannan tambaya ba ga masu zuwa gidan boka kaɗai muke yin ta ba. Har a cikin masu da'awar Sunna an sami waɗanda suka mayar da ruƙiyya kasuwa, duk macen da aka kai musu sai su ce aljani ne, wasu har da duka da shaƙa hayaƙi. Ruƙiyya ta shari'a da Alƙur'ani da addu'o'in Annabi (S.A.W.) alheri ce ga kowane mai ciwo, amma ba ta hana a binciki sababin ciwon, kuma babu duka a cikinta.

Akwai wani dalili da ya sa kasuwar waɗannan mutane ba ta mutuwa a kan wannan larura musamman. Ana kai musu mace ne a ranar da abin ya kai maƙura, watau saura kwana ɗaya ko biyu jini ya zo. Su yi surkullensu, jini ya sauka a kan lokacinsa, mace ta warware, sai a ce aikin malam ya ci. Da an bar ta a ɗakinta ma da ta warware.

Yanzu bari mu koma ga abin da masana likitanci suka gano, domin Annabi (S.A.W.) ya sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar mata da magani, kuma neman sanin sababi ba ya cin karo da imani da ƙaddara.

Wani likitan mata a birnin Niyok ta Amurka mai suna Robert Frank shi ne ya fara bayyana wannan hali a rubuce ta hanyar likitancin zamani, a shekarar 1931. A 1953 wasu likitoci biyu a Ingila, Katharina Dalton da Raymond Greene, suka yi rubutun da ya ba larurar sunan da aka san ta da shi a Turance har yau. Tun daga wancan lokaci hankali ya koma kan wasu sinadarai biyu da ma'ajiyar ƙwai ta mace take zubawa cikin jini, waɗanda ake kira istirojin da furojestaron. Ga yadda Allah Ya tsara aikinsu. Bayan haila ta ƙare, istirojin yana hauhawa yana gyara shimfiɗar mahaifa. Kimanin kwana goma sha huɗu kafin haila ta gaba, sai ƙwai ya fito daga ma'ajiyarsa. Gurbin da ya bari sai ya shiga fitar da furojestaron mai yawa, domin tanadar wa ciki wuri idan Allah Ya ƙaddara shigarsa. Idan ciki bai shiga ba, gurbin nan ya bushe, sinadaran biyu su faɗi, shimfiɗar mahaifa ta saki, shi ne jinin da ake gani. Duk damuwar da muke magana a kanta tana faruwa ne a wannan rabi na biyu, tsakanin fitar ƙwai da zuwan jini.

Mu mutanen bakin Kwara ba mu da wahalar gane wannan. Kowane masunci ya san cewa ruwa yana cika sau biyu: akwai farin ruwa na damina, mai laka, wanda ruwan saman ƙasashen nan namu yake kawowa, akwai kuma baƙin ruwa da yake isowa cikin hunturu, sa'ad da babu ko ɗigon hadari a sama. Wanda bai sani ba yana iya cewa aikin mutanen ruwa ne. Alhali ruwan sama ne da ya zuba a duwatsun ƙasar Gini watanni da suka wuce, ya ratsa ta Mali da Nijar, sai yanzu ya iso Yauri. Haka ƙuncin da mace take ji yau: asalinsa abin da ya faru ne a ma'ajiyar ƙwai mako guda ko fiye da ya wuce, ba maganar da kishiya ta faɗa da safe ba.

Hujjojin da suka nuna fitar ƙwai ita ce mafarin abin suna da ƙarfi. Yarinyar da ba ta balaga ba ba ta yin sa. Mai ciki ba ta yin sa. Wadda jini ya ɗauke mata saboda shekaru ta rabu da shi. Daɗin daɗawa, an ga matan da aka yi wa tiyata aka cire musu mahaifa amma aka bar ma'ajiyar ƙwai, ba su ƙara ganin jini ba, duk da haka damuwar tana zo musu wata-wata a kan lokacinta. Wannan ya rushe abin da wasu masu maganin gargajiya suke faɗa, wai mataccen jini ne ya taru a mara ya hau kai, har su ba mace jiƙe-jiƙe masu ƙarfi da sunan wanke shi.

Da farko an ɗauka cewa masu larurar suna da ƙarancin furojestaron ne. Ita Dalton a kan haka ta tsaya, ta yi shekaru tana ba mata wannan sinadari a matsayin magani. Amma da aka yi gwaje-gwaje na ƙa'ida sai aka ga bai fi ƙwayar banza amfani ba, kuma da aka auna jinin masu larurar da na waɗanda ba su da ita, sai aka tarar adadin sinadaran ɗaya ne. Bakin zaren ya fito ne a 1998, a wani bincike da Peter Schmidt da David Rubinow da abokan aikinsu suka yi a cibiyar nazarin lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka. Suka yi wa mata allurar da take tsayar da aikin ma'ajiyar ƙwai na ɗan lokaci, sai da yawa daga masu larurar suka sami sauƙi. Sa'an nan suka mayar musu da istirojin ko furojestaron daidai gwargwadon da jiki yake fitarwa, sai damuwar ta dawo. Matan da ba su da larurar kuwa, an yi musu daidai abin da aka yi wa waɗancan, babu abin da ya same su. Ma'ana ke nan sinadarin lafiyarsa lau, adadinsa daidai ne. Bambancin yana ga yadda ƙwaƙwalwar kowace mace take karɓar hawa da saukarsa. Igiyar ruwa ɗaya ce take dukan jirage biyu, ɗaya ya wuce lafiya, ɗaya ya yi ta tangaɗi, bisa ga yadda aka sassaƙa kowanne. Wadda nata jirgin yake tangaɗi ba raunin imani ne da ita ba, ba kuma rashin tarbiyya ba.

Ta wace ƙofa sinadaran nan suke taɓa ƙwaƙwalwa? Masana sun fi ƙarfafa ƙofa biyu. Ta farko wani sinadari ne mai suna sirotonin, wanda jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke aika wa juna saƙo da shi, yana da hannu a natsuwar zuciya da barci da sha'awar abinci. Hawa da saukar istirojin da furojestaron suna taɓa aikinsa. Babbar shaida a nan ita ce magungunan da suke ƙarfafa sirotonin, irin su fulokzetin, suna sauƙaƙa wa masu tsananin larurar cikin 'yan kwanaki, alhali idan don ciwon damuwa na yau da kullum aka ba da su sai sun yi makonni kafin a ga aikinsu. Ƙofa ta biyu kuwa, jiki yana sarrafa furojestaron ya fitar da wani sinadari daga cikinsa mai suna alofiregnanolon, wanda aikinsa ga yawancin mutane shi ne kwantar da jijiyoyi. Ga masu larurar sai ya zama ƙwaƙwalwa ba ta daidaita da canjin adadinsa, abin da ya kamata ya kawo natsuwa ya koma kawo fargaba da harzuƙa. Kumburin ciki da ciwon ƙirji su ma daga waɗannan sinadarai ne, domin suna taɓa yadda jiki yake riƙe ruwa da gishiri, suna kuma rage saurin motsin hanji.

Me ya sa wata take da irin wannan ƙwaƙwalwa wata ba ta da ita? Akwai gado a ciki. Wani nazari da aka yi a kan tagwaye mata a jihar Bajiniya ta Amurka, wanda aka buga a 1998, ya nuna cewa fiye da rabin bambancin da ke tsakanin mata a wannan fage gado ne yake bayyana shi. A 2017 kuma masu binciken waccan cibiya suka gano bambanci a cikin ƙwayoyin halittar masu tsananin larurar, a sashen da yake kula da yadda ƙwayar jiki take amsa saƙon waɗannan sinadarai. Saboda haka idan an ga uwa tana yi, 'ya tana yi, kada a ce iskar gidansu ce take bin su. Gado ne kamar yadda ake gadon tsawo da launin fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da nau'i mai tsananin cikin kundinta na cututtuka wanda aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022.

Bayan wannan tushe, akwai abubuwan da suke ƙara wa wutar itace, kuma a nan ne hannunmu yake kaiwa. Na gaba a cikinsu shi ne tashin hankali da nauyin rayuwa. An bi mata ana rubuta halinsu wata-wata, aka ga cewa watan da mace ta shiga da damuwa a farkonsa, ƙarshensa ya fi yi mata tsanani. Haka nan matan da suka taɓa gamuwa da firgita mai girma, ko duka, ko cin zarafi, sun fi saurin kamuwa. Ba sai mun je nesa neman misalin firgita ba. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Wara, aka rasa rayuka masu yawa. A ranar 17 ga Yuni na 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta nan garin suka tafi da ɗalibai da malamai. Iyaye mata da 'yan matan da waɗannan masifu suka ratsa ta kansu, jikinsu bai manta ba ko da bakinsu ya yi shiru. Ga kuma na cikin gida: miji ya tafi su ko ci rani ya bar ta da yara ba cefane, ko rashin adalci tsakanin mata, ko gorin haihuwa. Maigidan da yake kukan matarsa tana canzawa ƙarshen kowane wata, ya dubi abin da ya ɗora mata a farkonsa.

Sai abinci. A 1998 aka buga sakamakon wani gwaji a Amurka inda aka ba mata masu larurar sinadarin kalsiyam, watau wanda yake gina ƙashi, miligiram 1,200 kowace rana. Bayan wata uku damuwarsu ta ragu da kashi 48 cikin 100, waɗanda aka ba ƙwayar banza kuwa tasu ta ragu da kashi 30. Ku lura da wannan kashi 30 ɗin: mace ta sha abin da babu magani a cikinsa, amma don ta sa rai kuma an kula da ita, ta ji sauƙi. Wannan ma wani jari ne da boka yake ci da shi. Shi kuwa kalsiyam Allah Ya wadata ƙasar nan da shi: ga nonon Fulani, ga ƙananan kifin warangi da ake ci har da ƙayarsu, ga miyar kuka, ga zogale. Abin takaici shi ne a gidaje da yawa kifin kirki kasuwa yake tafiya, abin da ya rage a zuba wa maigida, uwargida ta tashi da romo. Yawan gishiri da dunƙulen miya da kanwa suna ƙara kumburi. Goro da shayi mai kauri suna hana wasu barci su ƙara musu bugun zuciya, ko da yake masu bincike sun saɓa a kan ko suna haddasa larurar kanta. Taba kuwa hujja a kanta ta fi ƙarfi: wani dogon nazari a kan ma'aikatan jinya mata, wanda aka buga a 2008, ya nuna masu shan sigari sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba wajen kamuwa. 'Yan matan da suka ɗauki shisha wayewa su ji wannan.

Wasu dattawa sukan ce, mu a zamaninmu ba mu san wannan ba, cutar 'yan boko ce. A maganarsu akwai ɗan abin dubawa. Wata mai bincike, Beverly Strassmann, ta zauna cikin ƙabilar Dogon ta ƙasar Mali a shekarun 1980, ta ƙididdige cewa macensu takan ga haila kimanin sau 100 ne a duk rayuwarta, saboda yawan ciki da doguwar shayarwa, alhali macen Amurka takan gan ta kimanin sau 400. Kakanninmu sun fi kusa da na farkon. Wadda ba ta cika ganin haila ba, ba za ta cika ganin abin da yake gabatarta ba. Amma larurar tana nan a birni da ƙauye, ga mai karatu da wadda ba ta yi ba, kuma haihuwa ba ta warkar da ita, hutu kawai take bayarwa.

Wajibi ne kuma mu ja kunne a kan cututtukan da suke shigar burtu da wannan. Idan ƙuncin bai yaye ba bayan haila, yana nan duk wata, to wannan wani ciwo ne daban, ko ciwon damuwa, ko ƙarancin jini, ko matsalar ƙullutun wuya da yake kawo maƙoƙo. Farfaɗiya da asma da ciwon ɓarin kai sukan tsananta ga wasu mata gab da haila, kuma kun san farfaɗiya ita ce cutar da aka fi jingina wa iska, alhali tana da magani a asibiti. Mu na bakin tafki muna da tamu ta musamman, watau tsargiya. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya kwanta, katantanwar da take ɗauke da ƙwayar cutar ta sami wurin zama a gefen da mata suke wanki da wanke-wanke. Ana ɗaukar tsargiya cutar yara maza ce masu fitsarin jini, alhali tana kama mahaifa da mafitar haihuwa, ta kawo ciwon mara da ɗigon jini ba a kan lokaci ba. Maganinta ƙwayar farazikwantal ce. Macen da take fama da mara shekara da shekaru, a gwada ta a kan wannan.

To, ina hukuncin shari'a a kan waɗannan kwanaki? Ita dai mai tsarki ce. Ciwon mara da nauyin jiki ba haila ba ne, ba a barin salla ko azumi saboda su sai an ga jini. Muna jin labarin masu ajiye salla tun saura kwana biyu wai sun ji alama. Wannan kuskure ne, kuma ramuwa ta hau kansu. Idan ciwo ya yi tsanani ta yi sallar yadda take iyawa, a zaune ko a kishingiɗe, kamar kowane maras lafiya. Kuma alƙalami bai ɗauke mata ba: harshenta yana hannunta, zagin miji ko dukan yara fiye da kima laifi ne ko a wace rana. Sai dai wadda ta san kwanakinta tana iya yin tanadi, ta rage aikin da za a iya ragewa, ta jinkirta maganar da za a iya jinkirtawa, ta yi alwala ta zauna idan fushi ya taso.

Maganarmu mafi nauyi tana kanku ne, ya ku magidanta. Sa'ad da haila ta zo wa A'isha (R.A.) a wurin da ake kira Sarifa, a kan hanyar Hajjin Bankwana, Manzon Allah (S.A.W.) ya shigo ya same ta tana kuka. Bai yi mata tsawa ba, sai ya lallashe ta, ya sanar da ita cewa wannan abu ne da Allah Ya rubuta wa 'ya'yan Adamu mata, ya gaya mata abin da za ta yi na aikin Hajji da wanda za ta dakata. Aya ta 19 ta Suratun Nisa'i ta umurce mu da zama da mata da kyautatawa. Amma mu, saki nawa ne aka yi a kan maganar da mace ta faɗa a cikin waɗannan kwanaki? Ta ce sai ka sake ni, shi kuma ya ce ai ke kika nema, ya yago takarda. Bayan kwana uku kowa ya dawo hayyacinsa, a shiga zarya wurin malamai ana neman mafita.

Ku duba hikimar shari'a a nan. Aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta ɗaure saki da lokacin idda, kuma Sunna ta bayyana ma'anarta a ƙissar Abdullahi ɗan Umar (R.A.), wanda ya saki matarsa tana haila, Annabi (S.A.W.) ya umurce shi ya mayar da ita, ya riƙe ta har ta yi tsarki, ta sake yin haila, ta sake yin tsarki, sa'an nan idan ya ga dama ya riƙe, idan ya ga dama ya saki kafin ya taɓa ta. Sakin Sunna ke nan, kamar yadda Risala ma ta kawo: saki ɗaya, a cikin tsarkin da ba a sadu a cikinsa ba. Kwanakin da muke magana a kansu su ne wutsiyar tsarki, kuma a mafi yawan gidaje tsarki ne da an riga an sadu a cikinsa. Saki a wannan lokaci saɓa wa Sunna ne. Idan jini ya zo, saki haramun ne. Mai bin Sunna ke nan dole ya jira har ta yi wanka, kuma ranakun da suke biye da wanka su ne ranakun da damuwar ta yaye, mace take cikin mafi natsuwar watanta. Sai dai kada wani ya ɗauki wannan ya yi wasa: mazhabobin nan huɗu sun tafi a kan cewa sakin bidi'a yana aukuwa tare da zunubi, Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim ne suka ce ba ya aukuwa, kuma alƙali ba zai tsaya sai ya bi wanda ya yi maka daɗi ba.

Hanyar tantance larurar ba ta bukatar na'ura. Abin da likitoci suke nema shi ne a rubuta hali kowace rana har wata biyu: yau lafiya, yau ƙunci, yau jini. Wadda take rubutun boko ko ajami ta samu ɗan littafi. Wadda ba ta rubutu ta yi zane a takarda da alama iri uku, ko malamar Islamiyya ta taimaka mata. Idan an ga ƙuncin yana taruwa gabanin jini, mako na bayan wanka kuma fes yake, to ita ce. Sai a tafi da takardar asibiti. Akwai magungunan sirotonin da muka ambata, akwai kuma waɗanda suke tsayar da fitar ƙwai, duka sai da umurnin likita. Kada a je kemis a sayi tiramadol ko ruwan kodin don neman barci. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun 2018 saboda ɓarnar da ya yi, har a cikin matan aure. Ko bitamin B6 da ake sha don wannan larura, idan ya yi yawa yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. Macen da aka ji tana cewa gara ta mutu, ko ta gaji da rayuwa, ba a jiran wata biyu a kanta, kuma ba a barin ta ita kaɗai; a ranar za a kai ta ga likita.

A nan za mu dakata. Tambayoyin da iyayenmu mata suka aiko a rubuce, malamai mata za su zauna da su a kansu bayan sallar La'asar, in Allah Ya yarda.